Ɗakin Karatu na Jama'a

Jama'a 'yan aji, ga shi Allah ya sa kun iya haɗa baƙi da wasali. Kuna karanta sunanku, waɗansunku har sun fara rubuta wasiƙa. Madalla. Amma akwai tambaya guda wadda ya kamata mu yi tun yanzu. Ran da aka rufe aji, aka ba kowa takardar shaidarsa, me za ku riƙa karantawa?

Tambayan nan ba ta wasa ba ce. Karatu kamar fartanya ya ke. In ana aiki da ita sai ta yi ta ƙyalli, in aka jingine ta sai tsatsa ta ci ta. Mu da mu ke wannan aiki mun sani, mutum ya kan ci jarrabawa bana, baɗi a miƙa masa takarda ya kasa karantawa. Ba rashin basira ba ne, rashin abin karantawa ne. Littafi kuwa da tsada, ba kowane magidanci ke iya sayen goma ya ajiye ba. Maganin wannan shi ne ɗakin karatu na jama'a.

Mene ne Ɗakin Karatu?

Ɗakin karatu wuri ne inda a ke tara littattafai da jaridu domin kowa da kowa. Waɗansu na ce masa laburare. Ba kanti ba ne, ba a sayar da kome a ciki. Mutum ya kan shiga ya zauna ya karanta, ko kuwa a rubuta sunansa a ba shi aro ya tafi gida, in ya gama ya komo da shi. Littafi ɗaya da aka saya da kuɗin jama'a sai ya bi hannu hamsin ko fiye.

Ku dubi rijiyar gari. Ba ta mutum ɗaya ba ce. Attajiri na sha, talaka na sha, baƙo ma na sha. Haka ɗakin karatu ya ke. Amma kun san rijiya sai da yasa. In mutanen gari suka sake ta, sai ta cushe.

Yadda Aka Fara a Ƙasarmu

Tara littattafai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa malamanmu suna da littattafan Larabci da na ajami a cikin gafaka, suna ba almajiransu aro su kwafa. Abin da ya zo daga baya shi ne ɗaki wanda kowa ke shiga ba sai ya nemi alfarma ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga 1939 zuwa 1945, aka buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwan Arewa domin mutane su sami labarin yaƙi. En'e ce ke riƙe da su. A shekarar 1939 ɗin kuma aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, mutane suka sami labarin duniya da harshensu. A 1952 aka kafa babban ɗakin karatu na Jihar Arewa a Kaduna, daga can a ke aika littattafai cikin akwatuna zuwa ɗakunan karatu na En'e.

Amma da yawa daga cikin ɗakunan nan ba su yi ƙarko ba. Babu sababbin littattafai, babu ma'aikacin da aka koya wa aikin, mutanen gari kuwa suna ganin abin na hukuma ne, ba nasu ba. Yau babu En'e, jihohi da ƙananan hukumomi ke da wannan nauyi. Darasin dai yana nan: gini kaɗai ba ya zama ɗakin karatu.

Abin da Ya Ke Yi wa Gari

Na farko, yana tsare karatun wanda ya koya. Wanda ya kan karanta ko shafi biyu ne a rana, karatunsa ba zai gudu ba.

Na biyu, yana taimakon sana'a. Akwai ƙananan littattafai a kan zuba taki, da ajiyar hatsi, da kiwon kaji, da cututtukan dabbobi. Manomin da ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi ba zai ƙona shukarsa ba, ba zai cuci kansa ba. Malamin gona ma in ya zo gari ya sami wurin da zai tara mutane.

Na uku, lafiyar iyali. A ɗakin karatu a kan manna takardun sanarwa a kan rigakafi, da tsabtar ruwan sha, da yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa. In aka keɓe wa mata rana tasu, da mace mai kula da su, sai su zo su karanta a natse. Abin da uwa ta sani, gidan duka ya sani.

Na huɗu, yara 'yan makaranta. Gidaje da yawa babu fitila mai haske, babu inda yaro zai zauna ba hayaniya. A ɗakin karatu ya sami benci da tebur da littafin da ubansa bai iya saya masa ba. A birane waɗansu ɗakunan har suna da kwamfuta da intanet, samari na cika takardun neman makaranta da neman aiki a ciki.

Na biyar, yana haɗa kan jama'a. Wanda bai iya karatu ba ma yana da rabo, gama wani ya kan karanta jarida da ƙarfi, sauran su saurara, sa'an nan a tattauna. A nan kuma za a iya rubuta tarihin gari daga bakin tsofaffi a ajiye, kada ya bi su kabari.

Misali Biyu Daga Waɗansu Ƙasashe

Ba mu kaɗai muka san wahalar riƙon ɗakin karatu ba. Bari mu ga dabarar da waɗansu suka yi.

A Amurka an yi wani attajiri, sunansa Andrew Carnegie. Ɗan talakawa ne. Iyayensa suka yi ƙaura da shi daga Sikotilan a 1848, ya shiga aikin ƙwadago tun yana yaro. Wani mai hali ya riƙa ba yara ma'aikata aron littattafansa, da haka Carnegie ya ƙaru. Da ya yi arziki a sana'ar ƙarfe sai ya ba da kuɗi aka gina ɗakunan karatu 2,509 tsakanin 1883 da 1929, a Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashe. Amma da sharaɗi. Sai gari ya ba da fili, ya yi alkawarin fid da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ginin kowace shekara domin riƙon ɗakin, ya kuma bar kowa ya shiga kyauta. Ya san abin da mutum ya zuba guminsa a ciki ba ya barinsa ya lalace.

Na biyu a nan Afirka ne, a ƙasar Kenya. Wajen garin Garissa akwai makiyaya masu yawo da dabbobinsu, nesa da hanyar mota. A 1996 hukumar ɗakunan karatu ta ƙasar ta fara ɗora akwatunan littattafai da tanti a kan raƙuma. In aka isa zango sai a kafa tanti, a shimfiɗa tabarma, a baje littattafai, yara su zaɓa. Watau da mutane suka kasa zuwa wurin littafi, sai littafi ya je wurinsu.

Me Za Mu Yi a Ƙauyenmu?

Kada ku ce sai an yi muku gini. Akwati guda mai makulli ya isa mafari. Ku shawarci dagaci da liman da malamin makaranta. Ku zaɓi mutum uku ko biyar amintattu su zama kwamiti, a sa mace a ciki. A nemi zaure ko aji guda da yamma. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa bayan kaka, a sayo littattafai da harshen da mutane ke ji. A sami littafin rajista a riƙa rubuta sunan mai aro da ranar komowa. In abin ya kankama, kwamiti ya rubuta wa hukumar ɗakunan karatu ta jiha ya nemi gudummawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai aro kuma ga nasa. Ya wanke hannu kafin ya taɓa littafi. Kada ya naɗe shi ya cusa a aljihu. Ya tsare shi daga gara da ɓera da yoyon ɗaki. Ya komo da shi ranar da aka yanka masa, gama wani na jira. Littafin aro amana ne.

Ku da kuka fara shiga aji, ku ne za ku fara wannan aiki. In kun riƙe shi, 'ya'yanku za su tashi su tarad da littafi a garinsu kamar yadda kuka tarad da rijiya.

Tambayoyi

1. Me ke sa mutum ya manta karatu bayan an rufe aji?
2. Me ya sa waɗansu ɗakunan karatu na dā ba su yi ƙarko ba?
3. Wane sharaɗi Carnegie ya kafa wa garuruwa?
4. A ƙauyenku, ina ya fi dacewa a ajiye akwatin littattafai?