Rumde Ajiya: Daga rinji zuwa tsakiyar Garwa, wa birni zai bari a gidansa?

Ranar 11 ga Janairun 2022, lokacin da Kelechi Iheanacho ya zura wa Masar ƙwallo a gasar cin kofin Afirka, masu kallo daga Kano zuwa Maraɗi suka riƙe sunan Rumde Ajiya, ko Roumdé Adjia kamar yadda ake rubutawa da Faransanci. A wurinsu sunan filin wasa ne. A wurin mutanen Garwa kuwa sunan unguwa ne, mai cike da 'yan haya, 'yan tireda, masu babur da ƙananan ma'aikata. Labarin wannan unguwa ya ƙunshi labarin yadda birnin ya girma, da kuma tambayar da ke gaban dubban magidanta a yau: idan gyara ya iso ƙofar gida, wa zai ci gaba da zama, wa zai tashi?

Abin da sunan yake faɗa

A Fulatancin Adamawa, rumde ƙauyen noma ne da sarakuna da manyan gari ke kafawa a bayan gari, inda bayi da barori ke yin damina suna noma wa iyayen gidansu. Shi ne abin da Bahaushe ke kira rinji. Kashi na biyu na sunan kuwa, kunnen Bahaushe zai ji Ajiya a cikinsa, sarautar mai tsaron dukiyar sarki, wadda fadojin lamiɓe suka ara daga Hausa tare da irin su Galadima da Sarkin Yaƙi. Sunan da kansa yana nuna cewa wurin ya fara ne a matsayin gona. Irin haka ta faru a Kano, inda Gandun Albasa da Gandun Sarki suka zama unguwanni, sunan gona kawai ya rage.

Tsohon garin Garwa, wanda Modibbo Haman Njundi ya kafa masarautarsa a farkon ƙarni na 19, yana kusa da kogin Binuwai ne. Sunayen unguwanninsa suna faɗin waɗanda suka fara zama a cikinsu: Fulɓere ta Fulani, Hausare ta Hausawa, Kollere ta Barebari. Daga baya aka sami Marware da Bibemire, masu ɗauke da sunayen garuruwan Marwa da Bibemi. A wancan tsari, baƙo kan sauka ne wurin danginsa, mai unguwa ya nuna masa fili da izinin Lamiɗo, shaidu su gani, magana ta ƙare. Rumde Ajiya, da ke arewa da tsohon gari, ta cika ne a wani zamani daban, lokacin da aikin albashi ya fara jawo mutane fiye da dangantaka.

Shekarun da birnin ya yi tsalle

Garwa ce mahaifar Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982. A zamaninsa birnin shi ne hedikwatar arewacin ƙasar baki ɗaya. Aka kafa masaƙar CICAM, aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974 da hedikwatarsa a nan, aka faɗaɗa filin jirgin sama, aka gina madatsar ruwa ta Lagdo wadda aka kammala a 1982. Filin wasan Rumde Ajiya, da aka gina a 1978, ɗaya ne daga cikin ayyukan wannan lokaci.

Ƙidayar jama'a ta nuna sakamakon. A 1976 mutanen Garwa sun kai kusan 64,000. A 1987 sun kai kusan 142,000, a 2005 kuma kusan 236,000. Cikin ƙasa da shekaru talatin yawansu ya kusa ninkawa sau huɗu. Waɗanda suka zo sun haɗa da Tupuri, Mundang, Giziga da Mafa daga Arewa Mai Nisa, ma'aikatan gwamnati daga kudu, 'yan Chadi, da 'yan kasuwa daga Najeriya. Tsoffin unguwanni ba su iya ɗaukar wannan jama'a ba, sai gonakin da ke kewaye da sabbin gine-gine suka koma filayen gida. Shi ya sa Rumde Ajiya ta tashi a cakuɗe, masallaci da coci a layi ɗaya, Fulatanci da Faransanci da Hausa a bakin tireda ɗaya.

Daga nan al'amura suka juya. Ahidjo ya sauka a Nuwamban 1982. A 1983 aka raba lardin Arewa gida uku, Marwa da Ngaundere suka zama hedikwatocin kansu. Tattalin arzikin ƙasar ya shiga matsi daga tsakiyar shekarun 1980, aka kuma karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994. Gwamnati ta rage gini, amma jama'a ba su daina zuwa ba. Inda hukuma ba ta yanka filaye ta fitar da hanyoyi ba, masu gonaki da masu unguwanni suka yanka da kansu. Gida ya riga hanya, hanya ta riga magudanar ruwa. Wannan shi ne asalin ƙananan lunguna, da ruwan da ke kwanciya a watannin Agusta da Satumba, da famfo da wutar lantarki da ke bin unguwa a baya maimakon su riga ta.

Abin da gasar ta kawo

Kamaru ce aka fara ba wa gasar 2019, amma hukumar CAF ta karɓe ta a ƙarshen Nuwamban 2018 saboda jinkirin shiri, ta ba ta ta 2021, wadda annobar korona ta tura zuwa farkon 2022. A Garwa, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ya sabunta filin wasan, ya gina ƙaramin filin atisaye a gefensa da otal ɗin Ribadou. A gefe guda, birnin yana cikin manyan biranen jihohi uku na farko, tare da Bafusam da Bertuwa, da suka amfana da shirin C2D, wanda ke mayar da bashin da Faransa ke bin Kamaru zuwa ayyukan raya ƙasa. Ta wannan shiri aka yi tituna, magudanan ruwa da wuraren kasuwanci.

Rukunin Najeriya, Masar, Sudan da Gini Bisau a nan ya buga, kuma magoya baya daga Yola da Mubi sun tsallako iyaka sun cika otal-otal da gidajen 'yan'uwa. A nan ne kuma Tunisiya ta fitar da Najeriya ranar 23 ga Janairu. Bayan gasar filin bai zama kufai ba. Ƙungiyar Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, tana karɓar manyan baƙinta a cikinsa, kuma a nan tawagar ƙasa ta doke Burundi da ci 3 da nema a Satumban 2023. A watan da aka fara gasar ne kuma aka sa hannu kan dokar kafa Jami'ar Garwa, abin da ke nufin ƙarin ɗalibai da malamai masu neman ɗaki.

Duk wannan alheri ne, amma yana da farashi. Inda kwalta ta bi, darajar fili na binta. Mai gida a bakin titi yakan fasa katanga ya fitar da shaguna. Mai kuɗi yakan sayi tsohon gidan ƙasa ya rushe ya ɗora bene. Ɗan hayan da ba zai iya biyan sabon kuɗi ba yakan matsa zuwa bakin gari, wajen Jambutu ko hanyar Pitowa, ko ya tsallake gada zuwa Bokle da Sangere. Can haya ta fi sauƙi, amma kuɗin babur ya cinye rarar, musamman tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin zuwa-zuwa, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, ya tashi.

Takardar da ke raba gardama

Wanda ke cin ribar wannan sauyi da wanda ke asara, galibi takarda ɗaya ce ke raba su. Tun dokokin filaye na 6 ga Yulin 1974, shaidar mallakar ƙasa da hukuma ta sani a Kamaru ita ce titre foncier. Duk filin da ba a yi wa wannan rajista ba, kuma ba na gwamnati ba ne kai tsaye, yana cikin abin da doka ke kira domaine national, wato ƙasar al'umma da ke hannun gwamnati. Mai zaune a kai yana da haƙƙin zama da amfani, amma a idon doka bai mallaka ba.

A ɗauki misalin magidancin da mahaifinsa ya sayi fili a 1980 daga hannun mai gona, jauro ya sa hannu, shaidu uku suka dangwala. A unguwa babu mai musun gidansa ne. Amma doka ta ce cinikin filin da ba shi da rajista ba ya tsayawa, kuma cinikin mai rajista sai a gaban notaire. Takardar jauro, ko wadda ake kira abandon des droits coutumiers, tana taimakawa wajen nuna tarihin wurin, sai dai ba ta kai matsayin titre foncier ba.

Bambancin yana fitowa ne ranar da aikin gwamnati ya zo. A ƙarƙashin dokar 4 ga Yulin 1985 kan karɓar fili don amfanin jama'a, mai rajista ana biyansa kuɗin ƙasa da na gini. Marar rajista abin da zai iya nema shi ne diyyar abin da ya ɗora a kai, kamar gini da itatuwa. Ginin da aka yi saɓanin ƙa'idojin tsara birni kuma, dokar ta ce babu diyya a kansa. Dokar tsara birane ta 2004 ta wajabta izinin gini daga magajin gari, ta kuma hana gini a wuraren da ambaliya ke yi wa barazana. Wanda ya tuna ambaliyar Binuwai ta 2012 ya san wannan sharaɗi ba na ado ba ne. Haka nan banki kan nemi titre foncier kafin ya karɓi gida jingina, don haka mai takarda ne ke iya cin bashi ya gina shaguna, marar takarda kuma sai ya sayar da araha.

Hanyoyin samun rajista

Hanyoyi uku ne aka fi bi. Na farko, ɗan ƙasar da shi ko iyayensa suka zauna ko suka raya fili kafin 5 ga Agustan 1974 zai iya neman rajista kai tsaye. Ana ajiye takardar nema a ofishin sous-préfet, kwamitin da yake jagoranta, wanda mai unguwa da dattawa biyu ke ciki, ya zo ya duba, ma'aunin gwamnati ya kafa duwatsun iyaka, a buga sanarwa a jira kwana talatin ko akwai mai ƙorafi. Tun gyaran dokar da aka yi a Disamban 2005, ana fitar da takardar a matakin département, ba sai an je Yawunde ba. Na biyu, filin da aka raya bayan wannan rana yana bi ta hanyar concession, izinin wucin gadi da ke zama na dindindin idan an yi aikin da aka yi alkawari. Na uku, wanda ya sayi yanki daga fili mai rajista sai ya bi ta notaire a cire masa nasa kason da sunansa.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi Hausawa musamman. Na ɗaya shi ne gado. Gidaje da dama a tsoffin unguwanni an raba su bisa shari'ar Musulunci a gaban malamai da dattawa, amma ba a kai rabon kotu an karɓi hukuncin gado ba, wanda sai da shi ake sauya suna a rajista. Idan kaka ya rasu, uba ya rasu, magada suka kai ashirin, wasu a Garwa, wasu a Yola, wasu a Njamena, mutum ɗaya zai iya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Na biyu shi ne shaidar zama ɗan ƙasa. Rajista kai tsaye ta 'yan Kamaru ce, kuma iyalin da ya shekara ɗari a Garwa amma ba shi da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa zai tsaya tun a ƙofar farko. Baƙo daga Najeriya ko Nijar kuwa zai iya sayen fili mai rajista ne da amincewar ministan filaye, ban da yankunan bakin iyaka. Yawan sa sunan aboki ko suruki a takarda don kauce wa wannan mataki ya sha jefa magada cikin shari'a.

Masu karatu a Najeriya za su ga kamannin wannan da takardar C of O a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, na Nijar kuma da bambancin da ke tsakanin takardar mai gari da ta hukuma. Ko'ina matsalar ɗaya ce: al'ada ta san mutum, doka ta san takarda.

Neman rajista yana cin kuɗi da lokaci, kuma mutane da yawa sun fara sun gaji. Amma kuɗin bai kai asarar gida ba, kuma maƙwabtan da suka haɗa kai suka kira ma'auni tare sun fi saurin warware rikicin iyaka tun kafin ya kai ga hukuma. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Gonakin da ke bakin Garwa a yau su ne Rumde Ajiyar shekaru ashirin masu zuwa, kuma wanda zai sayi fili a can ya kamata ya fara tambayar lambar titre foncier, ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar da sunan da ke kai, kafin ya miƙa ko sefa ɗaya.