Katin hoto na kwamfuta: a duba gwaji kafin a zuba kuɗi

Mai gyaran bidiyon biki ko mai ɗakin wasan kwamfuta da ke son canza katin hoto, kada sabon suna ya ruɗe shi. GTX 1080 Ti na 2017 ya fi RTX 3050 na 2022 gudu nesa ba kusa ba. Gwaji ne ke nuna haka: shafuka irin su TechPowerUp kan ɗora wa katuna aiki iri ɗaya, su ƙirga hotunan da kowanne ke fitarwa a sakan guda. Ga wasa, 60 sun wadatar.

A duba wuta kuma. Tsohon yana cin wat 250, sabon 130. Idan akwatin wutar kwamfutar ƙarami ne, a zafin Maraɗi da Damagaram mai ƙarancin ci ya fi sauƙin riƙewa.