Katakon da Wuta Ba Ta Saurin Ci



Duk mutumin Tamale ya san halin hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu komai ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye shago. Mun kuma ji abin da ya faru a kasuwar Kantamanto ta Ankara ranar 2 ga Janairu 2025, inda gobara ta lashe rumfuna masu ɗimbin yawa cikin dare ɗaya. Yawancin rumfunan kasuwanninmu na katako ne. Shi ya sa a bana muka zaɓi mu yi bayani a kan wani irin katako da ake haɗawa da siminti, wanda wuta ba ta saurin ci.

Da me ake yin sa? Da garin katako da ɓarɓashin da ke zuba a wurin kafintoci da masu injin yankan katako, wanda galibi ƙonawa ake yi. An fi son na itatuwan da aka shuka a gandu, irin su tik da malaina, don suna girma da wuri, in an sare sai a sake dasawa. Kun ga ke nan an bar mana kaɗanya da ɗorawa su huta. Tun 2001 gwamnatin Gana ta buɗe shirin dasa gandun itatuwa na ƙasa, kuma cibiyar binciken daji ta FORIG da ke Fumesua, kusa da Kumasi, aikinta ke nan, nazarin itace da amfaninsa.

Ga yadda ake yi. Da farko a jiƙa garin a ruwa, a tace. Dalili kuwa, akwai sikari a jikin itace, shi kuma sikari yana hana siminti kamawa. Sai a gauraya, siminti wajen kashi uku, katako kashi ɗaya bisa nauyi, a zuba ruwa daidai. A shimfiɗa cikin ma'auni, a danne da inji sosai, sannan a ajiye a inuwa wajen kwana 28 har simintin ya gama ƙarfi.

To, me ya sa wuta ke shan wahala da shi? Wuta sai da iska take ci. A nan kowane ɓarɓashi siminti ya lulluɓe shi, iska ba ta samun hanya, siminti kuwa ba ya kamawa da wuta. Gara ma ba ta jin daɗinsa, danshi bai cika kumbura shi ba. Ana yin silin da shi, da bangon raba ɗaki, da rumfa.

Amma fa yana da nauyi, yana dakushe zarto, ga siminti da tsada. Kuma in gobara ta daɗe, shi ma zai tsage. Amfaninsa jinkirta wuta, har a fitar da yara da tsofaffi, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 192 ko 112.

Muna roƙon iyayenmu kafintoci na Vittin su bincika wannan sana'a. Mu kuma a gida mu riƙe horon Annabi (SAW) na kashe wuta kafin barci. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara, amin.