Allurar da ke cikin bola

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau zai gamu da su, matasa da baro da shebur da manjagara, silifas a ƙafa, hannu ba safa. Wasu 'yan gari ne, wasu kuwa rashin tsaro ne ya koro su daga ƙauyukan Wanke da Tsafe da Bunguɗu, suka rasa gonar nomawa suka kama kwasar shara. Mai wucewa wari ne ke damunsa, sai ya toshe hanci ya ƙara sauri. Ga mai kwasa kuwa wari shi ne mafi sauƙi a cikin sha'anin.

Ka tsaya ka dubi abin da manjagara ke fitowa da shi: ledar fiya-wata, kunzugun jarirai, fasasshiyar kwalba, reza, mataccen batir, sai kuma ƙullin baƙar leda da wani kemis ko mai yin allura a gida ya jefar da dare. Wannan ƙullin ne abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin 100 na sharar wuraren kiwon lafiya mai haɗari ce. Idan allurar da aka yi wa mai ƙanjamau ta soki mutum, yiwuwar kamuwa ba ta wuce uku cikin dubu ba, amma ta ciwon hanta nau'in B tana iya kaiwa kashi 30 cikin 100, kuma ƙwayar cutar kan yi mako guda a busasshen jini da ranta. Mu kuwa ƙanjamau muke tsoro, hanta ba ta ko zuwa mana rai. Sai a 2004 aka shigar da rigakafinta cikin allurar jarirai a Najeriya, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin wannan lokacin ba su samu ba, balle a Zamfara inda rigakafin yara bai taɓa wadata ba.

Na taɓa ganin wani yaro da gwangwani ya yanka a diddige. Ya matse jinin, ya karɓi man birki a wajen bakanike ya ɗiga, ya yagi leda ya ɗaure, ya koma bakin aiki. Ciwon sarƙewar haƙora ta irin wannan rauni yake shiga, kuma yakan ɗauki kwana uku zuwa mako uku kafin ya bayyana, lokacin an manta da gwangwanin, sai a ce iska ce.

Sauran wahalhalun kowa ya san su: ciwon baya, tari daga hayaƙin roba idan an cinna wa juji wuta, da amai da gudawa in damina ta cika kwata. Amma batir ya cancanci a tsaya a kansa, a jihar da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can dutsen zinare ne ya kai ta gida. Ɗan jari-bola mai fasa batirin mota ya cire dalma ya sayar, a rigarsa yake kai wa 'ya'yansa ita.

Doka dai akwai ta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi ɗaya cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Sai dai mai baron da uwargida ke miƙa wa ɗan canji a ƙofar gida ba shi da sunansa a takardar kowa. In allura ta soke shi, daga cinikin ranar zai cire kuɗin kemis, wataƙila ma kemis ɗin da ya jefar da ledar.