Gidan Wasan Richmond: Ginin Da Talauci Ya Tsare, Jama'a Suka Raya

A arewacin Ingila, cikin yankin Yorkshire ta Arewa, akwai wani ƙaramin gari a gaɓar kogin Swale da ake kira Richmond, wanda mazaunansa ba su kai dubu 10 ba. Masu bibiyar siyasar Birtaniya za su tuna sunan, domin mazaɓar da ta tura Rishi Sunak majalisa ce a 2015, kafin ya riƙe muƙamin Firayim Minista daga 2022 zuwa 2024. Masu sha'awar tarihi kuwa sun san garin da ganuwar da aka soma ginawa a 1071. Sai dai akwai wani gini a wani lungu kusa da kasuwar garin, wanda baƙo zai iya wucewa ya ɗauka rumbun hatsi ne, alhali shi ne gidan wasan kwaikwayo mafi daɗewa a Birtaniya da har yanzu ake wasa a cikinsa bisa ainihin siffarsa ta farko. Sunansa Georgian Theatre Royal.

Wani ɗan wasa mai suna Samuel Butler ne ya gina shi a 1788, kuma shekarar ba ta zo bisa katari ba. Tun 1737 doka ta ƙuntata wa 'yan wasan kwaikwayo, har ta kai wanda ya yi wasa don kuɗi ba tare da izinin hukuma ba ana iya ɗaukarsa tamkar ɗan zaman banza. A 1788 majalisa ta sassauta, ta bai wa alƙalan gundumomi ikon ba da lasisin wasa na kwana 60. Nan take gidajen wasa suka fara tsirowa a ƙananan garuruwa. Da yake gari ɗaya ba ya iya ciyar da ƙungiyar 'yan wasa tsawon shekara, Butler ya riƙa zagayawa da mutanensa tsakanin Richmond da Harrogate da Ripon da Kendal da Whitby da sauransu, yana auna zuwansa da lokacin sukuwar dawaki ko wani taro da ke cika gari. Shahararren ɗan wasan nan Edmund Kean na cikin waɗanda suka taka wannan dandamali.

Mai karatu, duk wanda ya shiga zauren, abin da zai fara lura da shi shi ne ƙanƙantarsa. Kujera mafi nisa ba ta kai mita 11 daga dandamali ba. An raba wurin zama gida uku, kuma rabon hoton al'ummar wancan zamani ne. Masu hali suna zama a ƙananan rumfunan da ke kewaye da zauren a kan sule 3, kowace rumfa da sunan wani marubucin wasa a goshinta, ta tsakiya kuwa ta Shakespeare ce. Matsakaita suna kan bencina a ƙasa a kan sule 2. Talakawa da barori suna can bisa bene a kan sule 1. A farkon zamaninsa ana cusa mutum kusan 400 a wannan ɗan wuri, ga zafin kyandirori, ga hayaƙinsu. Yau kujerun ba su kai haka ba ko kusa, saboda dokar kariya daga gobara da kuma jin daɗin mai kallo.

Wani abu da zai burge ɗalibin harshe shi ne allon da ke gaban masu zama a bene, wanda suke shura da ƙafa idan wasa bai gamshe su ba. Wannan allo shaida ce cewa shirun da ake yi a gidajen wasa na Turai a yau sabuwar ɗabi'a ce. A zamanin Butler zaure da dandamali duk a haske suke, ɗan wasa yana ganin fuskar mai kallo, mai kallo yana mayar masa da magana. Zance ne tsakanin ɓangare biyu, kamar yadda makaɗin Hausa ke karanta fuskokin taro a dandali, ya tsawaita baiti ko ya taƙaita shi gwargwadon amsar da ya samu. Shi ya sa kiɗa yake da wani armashi na daban a wannan zaure. Ginin ciki na katako ne, tazara kuma kaɗan ce, don haka mawaƙi ko mai goge ba ya dogara da lasifika kafin sautinsa ya kai ƙarshen ɗaki. Ana jin shaƙar numfashin mai rera waƙa, ana jin saukar yatsa a kan tsirkiya, abubuwan da manyan zaurukan Landan ke haɗiyewa.

Abin tambaya shi ne yadda ginin ya tsira, bayan kusan dukkan takwarorinsa sun salwanta. Amsar tana da ban mamaki. Kasuwar wasa ta ja baya, aka rufe gidan a 1848. Daga nan ya zama ɗakin gwanjo da ma'ajiyar kaya, aka shimfiɗa daɓe a kan wurin zaman ƙasa, aka gina ma'ajiyar giya a ƙarƙashi. Da a babban birni yake, da tuni an rushe shi an gina wanda ya fi shi girma da ado, kamar yadda ya faru a garuruwan da masana'antu suka arzuta. Richmond ba ta samu wannan arziki ba, saboda haka babu wanda ya ga ribar rushewa. Rumfunan da benen suka zauna cikin ƙura fiye da shekara 100. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Amma ƙura ba ta raya gini. A 1960 aka kafa gidauniya ƙarƙashin jagorancin Lady Crathorne, aka tara kuɗi, aka gyara, aka sake buɗe gidan a 1963. An ƙara masa ɗakin adana kayan tarihi a 1979, sa'annan aka yi masa gagarumin gyara na kimanin fam miliyan 1.6, aka sake buɗewa a 2003. Cikin kayan da ake nuna wa baƙi akwai zanen daji da ake kafawa a bayan 'yan wasa, wanda aka yi tsakanin 1818 da 1836, kuma shi ne kayan adon dandamali mafi daɗewa da ya rage a ƙasar.

Masu kula da gidan sun fuskanci zaɓi mai wuya. Gini irin wannan, wanda hukuma ta sa a sahun farko na gine-ginen da doka ta kare, ya fi samun lafiya idan an kulle shi ana leƙe daga bakin ƙofa. Kowane taro yana cin katako, kuma kujerun sun yi kaɗan ga kuɗin tikiti ya ɗauki nauyin gidan, shi ya sa ake dogara da gudummawa da 'yan sa-kai. Duk da haka suka zaɓi a ci gaba da wasa. Ana kawo makaɗa da masu barkwanci da ƙungiyoyin wasa masu yawo, ƙungiyoyin mutanen gari suna hawa dandamalin, akwai sashen horar da yara, kuma a ƙarshen kowace shekara ana yin wasan ban dariya na iyali da ke cika zauren. Da rana kuma 'yan sa-kai suna zagayawa da baƙi har ƙarƙashin dandamali. Hikimar a fili take: yaron da ya taɓa tsayawa a wannan dandamali, idan ya girma ba zai yarda a mai da shi shago ba.

Mai niyyar ziyara ya sani cewa jirgin ƙasan fasinja ya daina zuwa Richmond tun 1969, don haka sai ya sauka a Darlington ya shiga bas. Zai fi cin riba idan ya haɗa zagayen rana da kallon dare.

Mu da muka ga tsofaffin gidajen silima na garuruwanmu sun koma shaguna da ɗakunan ajiya, wannan labari ya shafe mu. Gidan Richmond ma ya yi zaman ma'ajiya, kuma bai mutu ba, domin an samu 'yan gari da suka san darajar abin da ke ƙarƙashin ƙurar kafin mai rusau ya iso. Abin da ya rage a hannunmu bai da yawa, kuma ba gwamnati ce za ta fara ƙirga shi ba. Allah Ya sa mu farga da wuri.