SAURARON ƘARƘASHIN ƘASA: YADDA AKE NEMAN MAN FETUR

Mai sayen tulu a kasuwar Azare yakan ƙwanƙwasa shi, ya saurara, kafin ya biya kuɗi. Haka masana kimiyyar ƙasa suke yi kafin a haƙa rijiyar mai, domin rijiya guda tana cin kuɗi masu ɗimbin yawa, kuma dukiyar jama'a ce.

Yadda Ake Aikin

Ma'aikata sukan shimfiɗa wayoyi a kan layi, su kafa ƙananan na'urorin sauraro a ƙasa. Sa'an nan a girgiza ƙasa da wata babbar mota, ko a fasa ɗan nakiya cikin rami. Girgizar takan nutsa, ta bugi shimfiɗun duwatsu, ta komo kamar amsa-kuwwa. Daga lokacin da ta ɗauka kafin ta komo ake lissafa zurfin dutse da siffarsa.

Gudummawar Harry Mayne

A da, hayaniyar iska da girgizar saman ƙasa sukan rufe amsar. Wani masani Ba'amurke, Harry Mayne, shi ne ya samo magani, aka yi wa dabararsa rajista a 1956. Dabarar ita ce a riƙa gusar da wurin girgiza da na'urorin sauraro, har a saurari wuri guda na ƙarƙashin ƙasa sau da yawa daga nisa dabam-dabam, sa'an nan a haɗa amsoshin. Amsa ta gaskiya sai ta ƙara ƙarfi, hayaniya kuwa ta dushe, kamar yadda alƙali yake gane gaskiya in shaidu da yawa sun dace.

A Ƙasarmu

Azare da Katagum suna gefen Kwarin Tafkin Chadi, inda aka soma neman mai tun shekarun 1970. A kudancin Jihar Bauchi kuwa, irin wannan bincike ne ya nuna inda za a haƙa rijiyar Kolmani ta biyu, a yankin Alkaleri. Cikin Oktoba 2019 kamfanin NNPC ya sanar da samun mai a can.

Kira Ga Jama'a

In ma'aikatan bincike suka zo yankinku, kada a taɓa wayoyinsu, a kuma kawar da dabbobi daga layin. Na'ura ɗaya da aka tuge tana iya ɓata lissafi. Wanda aka taka masa shuka, sai ya kai maganar wurin dagaci ko hakimi domin a kimanta diyya.