TAIMAKON KAI DA KAI A ZANGON HAUSAWA NA COAL CAMP

A shekarar 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, cikin ƙasar Ibo. Zuwa 1915 an soma haƙarsa, a 1916 kuma aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal don a riƙa kai shi bakin teku. Daga nan garin Inugu ya tsiro. Unguwar da leburorin ma'adinai suka zauna ita ake kira Coal Camp, watau sansanin kwal, a yankin Ogbete. Da hanyar jirgin ta sadu da ta Arewa, balle bayan an gama gadar Binuwai a Makurɗi a 1932, sai fatake da mahauta da masu shanu suka yi ta gangarowa, waɗansu suka kafa gida suka hayayyafa. Ibo su kan ce wa unguwa irin tasu Ama Awusa. Akwai irinta a Anaca da Fatakwal da Oweri. Ramukan kwal sun daɗe da yin shiru, yau an fi sanin Coal Camp da makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota, amma baƙi daga Arewa ba su daina sauka a Inugu ba.

Abin da ake nufin bayyana wa jama'a a nan shi ne yadda talakawan zango ke riƙe marasa galihunsu, da kuma abin da ke sa wani taimako ya ɗore, wani kuwa ya mutu tun yana jariri.

Wane ne mara galihu a zango?

A ƙauye, in mutum ya kwanta ciwo akwai dangi. A zango kuwa sau da yawa babu. Ɗan ci-rani ya kan sauka da jakarsa kawai, ya kama gyaran takalmi, ko ga-ruwa, ko gadi, ko yankan farce, ya kwana a rumfar kasuwa ko harabar masallaci. Abin da ya samu da rana shi zai ci da dare, ɗan ragowar kuma ya aika gida. Zazzaɓin kwana 3 ya isa ya karya shi. Haka matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya a gidan haya, ga shi ba ta da gona, ba ta da kuɗin motar komawa. Akwai kuma wanda gobara ta cinye wa rumfa, da wanda aka kama bisa kuskure ba ya jin Ibo ba ya jin Turanci, da baƙon da ya cika ba a san kowa nasa ba. Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin kowane zango: wa zai sayi likkafani, wa zai haƙa kabari, wa zai nemo danginsa ya shaida musu?

Mai masauki

Tun kafin a san kalmar ƙungiya, Hausawa suna da amsar waɗannan tambayoyi, watau mai masauki, wanda mutanen da ke kira fatoma. Shi ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki shanunsa bashi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Badun, littafinsa ya fito a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu tsakanin Arewa da Kudu a kan amanar masu masauki ya tsaya. Abin lura a nan shi ne mai masauki ba sadaka yake yi ba, sana'a yake yi, yana cin la'ada. Amma daga cikin wannan la'ada ce ake ciyar da almajiri, a yi jinyar baƙo, a sallami wanda jarinsa ya karye. Saboda kuɗin daga ciniki suke fitowa, ba daga roƙo ba, taimakon bai tsaya jiran ranar da wani attajiri zai ji tausayi ba. Abin da masanan zamani ke kira sana'a don amfanin jama'a, kakanninmu sun yi shi ba tare da sun raɗa masa suna ba.

Sai dai tsarin yana da rauni guda babba. Duk a wuyan mutum ɗaya yake, lissafin kuma a kansa. In ya rasu, ko kasuwa ta juya masa baya, sai inuwar ta tafi tare da bishiyar. An ga haka ƙuru-ƙuru a rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da zangunan Gabas suka watse, kamar yadda Ibo mazauna Arewa su ma suka baro nasu. Waɗanda suka komo bayan Janairun 1970 daga tushe suka sake farawa.

Aikin gayya

Wanda ba shi da dukiya yana da ƙarfi da lokaci. Gayyar da ake yi a gona ita ce ta zama aikin sa kai a birni: yashe lambatu kafin damina, gyaran maƙabarta, kwana da majinyaci a asibiti, raka mutum ofishin 'yan sanda don a yi masa tafinta. Sarkin Hausawa da limamai su suka saba kiran irin wannan gayya. Akwai kuma ƙungiyoyi masu horo, kamar 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, da Red Cross ta Nijeriya, wadda dokar 1960 ta tabbatar da ita. Ya kamata samarin zango su nemi horon taimakon gaggawa daga irin waɗannan, don kuwa niyya ba ta tsai da jini. Mutanen da ke zaune kusa da kogin Kwara a Anaca sun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, sun kuma san cewa kafin motar hukuma ta iso, maƙwabci ne ke ɗauko yaro da tsohuwa.

Kuɗin da ke haifuwa

Kusan kowa a zango ya san adashi. Amma adashi zagaye yake yi, kowa ya kwashi nasa, ba a bar kome ba don ranar tsautsayi. Asusun agaji dabam ne. Alal misali, a ce mutum 40 sun yarda kowa zai zuba naira 500 duk Juma'a. A mako an tara naira 20,000, a shekara kuwa naira 1,040,000. In aka raba wannan kuɗi kyauta, kafin a kai ƙaramar salla ya ƙare, mabukata kuwa suna nan yadda suke. In kuwa aka ware kashi ɗaya don gaggawa, sauran aka tara aka gina gidan wanka da bahaya, ko aka sayi injin niƙa, ko aka haƙa rijiyar burtsatse, to, an sami abin da ke kawo kuɗi kullum. Gidan wanka ya fi dacewa da zango, don ɗan ci-rani da ke kwana a rumfa ba abin da yake bukata kamarsa. Mai hali ya biya, wanda aka san ba shi da shi a bar shi ya shiga. Maraya ya sami aikin tsaron wurin, unguwa kuma ta huta da ƙazanta da cutar kwalara. Ribar ita za ta sayi likkafani, ta biya kuɗin asibiti, ta ba gwauruwa jarin ƙosai.

A ƙasar Bangaladash, Muhammad Yunus ya bi wannan hanya ta ba matalauta ƙaramin jari maimakon kyauta. Bankinsa na Grameen ya tsaya da ƙafarsa a 1983, a 2006 kuma aka ba su lambar Nobel. Su ma Musulmi ne talakawa irin namu.

To, amma kuɗin jama'a su ne suka fi saurin raba zumunci. Yawancin asusun da suka mutu ba sata ce ta kashe su ba, zargi ne. Saboda haka lalle ne a sami littafi, da boko ko da ajami, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta shi a gaban kowa ko da sau ɗaya a wata. Kada mai riƙe littafi ya zama shi ne ma'aji. A ajiye kuɗin a banki, kada a fitar sai da sa hannun mutum 2 ko 3. Waɗansu su kan ce neman rasit wurin dattijo rashin kunya ne. Ba haka ba ne, rasit ɗin nan shi ke kāre mutuncin dattijon ranar da aka fara tsegumi.

Doka ma ta buɗe ƙofa. Bisa ga dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993, mutum 10 sun isa su nemi rajista a ofishin kula da gama kai na jiharsu. Ƙungiyar agaji zalla kuwa tana iya yin rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ƙarƙashin dokar 2020. Amfanin rajista shi ne ƙungiya ta mallaki fili da asusu da sunanta, in shugaba ya rasu magadansa ba za su sa rijiyar jama'a cikin gado ba. Akwai Kwalejin Gama Kai ta Tarayya a Oji River, nan cikin Jihar Inugu, wata kuma a Kaduna, inda ake koyar da irin wannan lissafi.

Da maƙwabta

Wani kuskure da a kan yi shi ne a killace taimako ga 'yan gida kaɗai. Lambatun Coal Camp ɗaya ne, in ya toshe gidan Bahaushe da na Ibo duk zai shiga. A 1956, da Inugu ta zama birni mai majalisar kanta, magajin garinta na farko shi ne Malam Umaru Altine, Bafillace mai cinikin shanu daga ƙasar Sakkwato, kuma galibin masu zaɓe a garin Ibo ne. Ibo suna da ƙungiyoyin gari da nasu adashin, wanda suke kira isusu, sun kuma ƙware wajen gina makarantu da asibitoci da kuɗin karo-karo. Duk ƙungiyar zango da za ta haƙa rijiya ko ta kira gayyar yashe lambatu, ya kamata ta fara aika wa shugabannin unguwar da takarda, ta kuma sa farashin bokitin ruwa ɗaya ga kowa.